Na kai yara Badagry jiya, 'yata ta yi min tambayar da na kasa amsawa

Abu_Hanan_Agege: Slm jama'ar gida. Jiya Asabar na kwashi yara uku da mamansu muka tafi Badagry, dama makarantar su Hanan ce ta ce za ta kai su yawon ganin tarihi sai kuɗin da suka yanka ya yi min nauyi, na ce to bari in kai su da kaina kowa ya gani har ni. Mun fara da gidan Seriki Abass inda ake tsare bayi kafin jirgi ya iso. Jama'a wlh shagon da nake ajiye buhunan albasa a Mile 12 ya fi ɗakin nan girma, taga ɗaya ce can sama 'yar mitsitsiya, kuma mai yi mana bayani ya ce mutum 40 ake zubawa a ciki, ɗakunan ma 40 ne a da. Ya ce mu shiga ya rufo ƙofa mu ji, mu bakwai ne kawai da wasu baƙi amma ko minti ɗaya ba a yi ba autan ya tsala ihu. Daga nan muka je gidan Mobee inda sarƙoƙin suke, na ce a ɗora min ta wuya in ji, ni da nake ɗaga buhu sai da na rankwafa. Muka hau kwalekwale muka tsallaka Gberefu, muka taka a cikin yashi da rana har bakin teku inda suke ce wa wurin da ba a dawowa. A nan Hanan, shekararta 11, ta ce Abba akwai Hausawa a cikin waɗanda aka tafi da su? Na ce mata a'a mutanen nan yankin ne. Ta ce to su wa suka kamo su? Na ce Turawa. Muna dawowa a mota raina yana ta gaya min ƙarya na yi wa yarinyar nan sau biyu. Masu ilimi a taimaka, akwai namu a ciki ko babu? Kuma me ya sa mu a Arewa ba mu da wuri irin wannan ko ɗaya?

Kwamanda_Okada: Alhaji ni abin da ya fi ba ni mamaki ka bi hanyar Badagry da iyali ka dawo a rana ɗaya, wannan ma tarihi ne a kai ka gidan Mobee a ajiye 😂

Abu_Hanan_Agege: Kwamanda bari kawai. Daga Agbara zuwa can na daina ƙirga shingen masu kaki.

Ticha_Ojo: Wslm Abban Hanan. Amsa a taƙaice, akwai Hausawa, kuma da yawa. Akasarinsu an fitar da su ne daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, sun fi yawa lokacin yaƙe-yaƙen jihadi bayan 1804, duk ɓangaren da ya ci wani sai ya kama mutane. Ana gangaro da su ta ƙasar Nufe su tsallake Kwara su shiga hannun fataken Oyo, daga nan sai bakin ruwa, Badagry ko Porto-Novo da Wida a Jamhuriyar Benin ta yanzu ko nan Ikko. Mafi yawa Bahiya aka kai su a ƙasar Burazil. Kuma ba su zauna shiru ba, a 1807 an gano Hausawa na shirin tawaye a can aka kashe shugabanninsu, a 1814 suka sake tashi. Sai babban na watan Janairun 1835, cikin azumi, goman ƙarshe, bayi Musulmi suka fito da fararen riguna da layu a birnin Salvador, shi wannan Yarbawa ne suka fi yawa amma da Hausawa a ciki. An kashe kusan 70 daga cikinsu. Takardun da aka cire daga jikin gawarwakin, ayoyi ne da addu'o'i da rubutun allo irin namu, har yau suna ajiye a can. Ka gaya wa Hanan wannan.

Maman_Ilham: Innalillahi. Cikin azumi fa. Wlh tsigar jikina ta tashi, ban taɓa ji ba kuma na yi sakandare har na gama

DanKasuwa_AlabaRago: Ni dai gsky ban ga amfanin mutum ya ƙona mai ya sha gosulo don ya je ya kalli tsohuwar sarƙa ba. Abin da ya wuce ya wuce. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Muna nan muna fama da kuɗin haya da rusau ana ce mana mu je mu yi kukan shekara ɗari biyu.

Hajiya_Kwatano: Ɗan kasuwa kai da kake Alaba Rago ai Badagry a bayan gidanka take, mu da muke tsallaka Seme duk wata muna wuce ta kamar ba komai. Ni ma haka nake cewa sai da wata abokiyar cinikina ta ja ni Wida. Can nasu ya fi tsari nesa ba kusa ba, hanya ce ta kusan kilomita 4 daga dandalin da ake cinikin mutane har bakin teku, an yi gumaka a gefen hanya, sai babbar ƙofa a ƙarshe da aka gina 1995 an zana mutane ɗaure a jere suna shiga ruwa. Akwai inda suka ce bishiyar mantuwa take, namiji ya zagaya sau 9 mace sau 7 wai don su manta gida. Ni da na je da niyyar ɗaukar hoto wlh zama na yi a yashi, abin da ya faɗo min kawai ranar da aka kawo ni Legas amarya ina kuka a mota tun daga Zariya har Jebba, ni kuma na san zan koma ganin gida da sallah.

Abu_Hanan_Agege: Hajiya a Gberefu ma akwai irinta amma rijiya ce, tana tsakiyar hanya, ya ce an yi mata asiri duk wanda ya sha sai ya manta inda ya fito. Ɗana na biyu ya leƙa mamansa ta finciko shi kamar zai faɗa wuta.

Abu_Sumayya: To a nan nake son in ja hankali. Wuraren nan a kula, akwai shirka a ciki, ana zuba giya a ƙasa ana kiran kakanni, ana danganta wa rijiya ikon da ba ta da shi. Kuma hadisi ya tabbata ba a ɗaura sirdi don ziyara sai zuwa masallatai uku. Kai yara irin wurin nan sai an yi hattara.

Ticha_Ojo: Ustaz Allah ya ƙara ilimi, amma hadisin ai maganar tafiyar ibada yake, neman lada a wuri. Shi Abban Hanan ba ɗawafi ya je ba. Alƙur'ani da kansa a wurare da dama ya ce ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen na gabanku ya kasance. Maganar zuba giya kuma wanda ya zuba shi ya sani.

Abu_Sumayya: Na karɓa Malam, in dai don izina ne ba laifi. Ni dai a gaya wa yara rijiya ba ta mantar da kowa komai. Kuma tunda an zo nan, akwai hadisi a Bukhari, mutum uku Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar kiyama, ɗaya daga ciki wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Wannan ya isa.

Kwamanda_Okada: Ai da rijiyar tana aiki da ba su yi tawaye a Burazil da layu a wuya ba

Bakano_Obalende: Ina son in amsa tambayar Alhaji ta biyu. Dalilin da ya sa ba mu da irin wurin nan shi ne mu bautar da aka yi a ƙasar Hausa daban take da ta Turawa, kar a haɗa. A Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama duk sarautun bayi ne, kuma wani hakimin ma sai ya bi ta hannunsu kafin ya ga sarki. Bawa yana aure, yana da gonarsa, yana biyan murgu ya yi sana'arsa har ya fanshi kansa. Ƙwarƙwara in ta haihu ɗanta ɗa ne, yana gado, sarakuna nawa aka yi 'ya'yan ƙwaraƙwarai? A Amurka fa Bature ya haifi ɗa da baiwarsa ya sayar da shi. Ina haɗi?

Talatu_IdiAraba: Yaya Bakano ka faɗi na fada ka bar na rinji. Bayin sarki nawa ne, na gona nawa ne? Kuma shi Shamakin ai ba daga sama ya faɗo ba, shi ko ubansa wani ƙauye aka ƙona aka kamo su. Ni kakata ta wajen uwa daga kudancin Zazzau take, har ta rasu in aka ce mahaya sai ta yi shiru, ta ce kakanninsu a kan duwatsu suka koma da zama saboda harin bayi, ruwa ma da dare ake saukowa ɗiba. Je ka gaya wa mutanen nan cewa tamu mai sauƙi ce. Laifi tudu ne.

Bakano_Obalende: Ban ce babu zalunci ba ƙanwata, cewa na yi ba iri ɗaya ba ne

Talatu_IdiAraba: Wadda aka raba da jaririnta a Kurmi da wadda aka raba da nata a Badagry kukan iri ɗaya ne Yaya.

Ticha_Ojo: Ku biyun kowa ya riƙe wani ɓangare. Bakano abin da ka faɗa na murgu da sarautu gaskiya ne. Amma kasuwar Kurmi tana da sashen da ake sayar da mutane har Turawa suka ci Kano a 1903, kuma wasu ta Sahara aka bi da su zuwa Tarabulus, wannan hanyar ma ta girmi ta teku da ɗaruruwan shekaru. Doka ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ku lissafa, 1936 fa, akwai masu rai yanzu da aka haifa kafin nan. Ni a ganina shi ya sa ba a gina komai ba, abin bai yi nisa ba, jikan mai gida da jikan bawan gidan suna sahu ɗaya a masallaci kuma kowa ya san kowa. A Badagry ana iya nuna teku a ce can aka kai su. A Kano ina za ka nuna? Gidan maƙwabci?

DanKasuwa_AlabaRago: To ka ga abin da nake faɗa. Yawan tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. A bar shi a rufe.

Maman_Ilham: A rufe yake ne Alhaji? Bari in ba ku labari ba zan faɗi gari ba. Ƙanwar mijina ta samu miji, yaro mai hankali injiniya yana aiki a nan Apapa, an kai kuɗin gaisuwa har an fara maganar sa rana. Sai wata gwaggonsu ta ce a dakata a yi binciken asali. Aka tura mutum ƙauyensu ya dawo ya ce ai gidan su bacucane ne, kakan kakansa na gidan wane ne. Shi ke nan fa. Aka mayar da kuɗi a ambulan, aka ce wai taurarinsu ba su haɗu ba. Yarinyar nan sati biyu ba ta cin abinci sai shayi. Shi yaron ma bai san labarin ba sai a bakinsu ya ji, ya kira babansa yana tambaya babansa ya kashe waya. Wannan 2019 ne ba zamanin Nagwamatse na Kwantagora mai harin bayi ba. Kuma gwaggon nan ba ta fashin tahajjud.

Abu_Sumayya: Subhanallah. Wannan jahiliyya ce tsantsa. Bilal fa? Zaidu ɗan Harisa fa, wanda shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani?

Maman_Ilham: Ustaz duk an karanto mata, ta ce ta ji amma ba a gidansu ba

Kwamanda_Okada: Gwaggo ta fi shingen Agbara tsauri

DanDamagaram: Mu a Nijar maganar ba a rufe take ba sosai don kotu ta shiga. Hadijatou Mani, an sayar da ita tana shekara 12 a matsayin wahayya, wato mace ta biyar da ba aure ba, ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun ECOWAS ta ci a 2008. Kuma dokar da ta mai da bauta laifi a can 2003 aka yi ta. Akwai ƙungiyar Timidria da ta daɗe tana wannan faɗan. Sai kuma abin Libiya na 2017 da aka nuna ana gwanjon mutane, wasu yaran ta Agadas suka bi, na san mutum biyu a cikinsu da suka dawo, ɗaya har yau ba ya iya kwana a ɗaki a rufe.

Soja_mai_ritaya: Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ɗana Abban Hanan, ba sai ka je Burazil ba, a nan Legas tarihin yake. Duk wanda ya shiga soja an koya masa cewa asalin sojan Najeriya 1863 ne, wani Bature Glover ya tara wasu 'yan Arewa ya ba su bindiga, ake ce musu Hausawan Glover. To su waye? Akasarinsu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa suka fake a Ikko. Daga su aka samu rundunar da ta girma har ta koma ta ci Arewa. Shi ya sa Hausa ta daɗe tana harshen bariki. Na yi shekara 31 ina sa kaki ban taɓa tsayawa na yi tunanin mutanen nan suna da iyaye a wani gari da suka mutu suna jiran su ba sai yau.

Abu_Hanan_Agege: Baba Allah ya ƙara girma. Wlh wannan ban sani ba.

Ticha_Ojo: Baba ya faɗi daidai. Kuma kafin su, bayin Hausawa a ƙasar Oyo su ne wanzamai, masu kiwon dawaki da shanu, masu tufka igiya. A 1817 Afonja na Ilorin ya kira su su gudo wurinsa, da shi da Malam Alimi, suka amsa, wannan yana daga cikin abin da ya rusa daular Oyo. Wani abin kuma da ya shafi Badagry kai tsaye, Bature Clapperton da ya je wurin Sarkin Musulmi Bello karo na biyu daga Badagry ya tashi a ƙarshen 1825, kuma tafintansa Bahaushe ne Abubakar, Turawa na ce masa Pasko, an taɓa sayar da shi aka sa shi a jirgi sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta shi. Ka ga ga wanda ya wuce wurin da ba a dawowa kuma ya dawo har Sakkwato.

Sadiq_Bronx: Slm daga nan, tsohon ɗan Idi-Araba ne. A New York akwai wuri biyu. Ɗaya a Manhattan, 1991 ana haƙa ƙasa za a gina ofishin gwamnati aka tarar da maƙabartar baƙaƙen fata ta zamanin bauta, aka tono mutum 419, bayan rigima mai yawa aka sake binne su 2003 aka yi gini a wurin. An ƙiyasta kusan mutum dubu 15 ne kwance a ƙarƙashin unguwar, kuma unguwar manyan ofisoshi ce. Na biyu a harabar Majalisar Ɗinkin Duniya, farin dutse, 2015 aka buɗe, wani ɗan asalin Haiti ya zana shi. Abin da ya tsaya min, a na farkon na haɗu da wata dattijuwa baƙar Amurka ta ji ina waya da Hausa, ta ce wane yare ne, na gaya mata, ta ce ta yi gwajin jini an ce mata tana da Hausa da Fulani. Ta riƙe hannuna ta ce in koya mata kalma ɗaya. Na rasa me zan ce sai na ce sannu da zuwa. Ta yi ta maimaitawa tana hawaye. Sai kuma ta tambaye ni, cikin raha fa, wai kakanninka ne suka sayar da nawa? Na yi dariyar yaƙe kawai don ban sani ba, ta yiwu.

Talatu_IdiAraba: Allah sarki 😭

DanKasuwa_AlabaRago: Gwajin jinin nan ma kasuwanci ne, kowa sai an ce masa ɗan sarki ne

Sadiq_Bronx: Ban musa ba Alhaji, ni ma ban yarda yawu zai nuna ƙabila ƙiri-ƙiri ba. Amma matar ba ta san ko sunan garin kakanta ɗaya a Afirka ba, kai ko ka san naka har unguwa.

Injiniya_Festac: Ni gyara ɗaya nake da shi kan masu bayanin can, na je sau biyu da baƙi kuma kowane zuwa lissafin daban. Wannan ya ce lema ɗaya bawa 40, kwalbar giya 10, igwa 100, wancan ya faɗi wani abu. Wani har ya ce miliyoyi aka fitar ta Badagry kaɗai. Abin da masu bincike suka tattara daga takardun jirage, duk Afirka kusan miliyan 12 da rabi aka loda, kamar miliyan 10.7 suka isa da rai, Burazil kaɗai ta kwashi kusan miliyan 5 kuma ita ce ta ƙarshe da ta soke bauta a nahiyar Amurka, 1888. Badagry ba ta kai Wida ba. A farkon ƙarni na 19 ma Ikkon nan da muke zaune ita ce babbar tasha, da cinikin bayin Turawan Ingila suka fake suka yi wa sarkin Ikko Kosoko luguden wuta 1851 suka mayar da tsohon sarki Akitoye, bayan shekara 10 suka haɗiye garin. Wato duk wanda yake saye da sayarwa a Idumota a kan tarihin yake tafiya ba sai ya je Gberefu ba. Ita kanta Madam Tinubu mai dandalin nan ta yi fataucin bayi.

Abu_Hanan_Agege: Injiniya lemar na gan ta da idona, babba ce ta tsufa, shi ma 40 ya ce mana. Hanan ta ce wato ajinsu gaba ɗaya da malama lema ɗaya.

Bakano_Obalende: To kuma ku duba shi mai gidan, Seriki Abass. Bayarabe ne, shi kansa an kama shi yana yaro an kai shi Burazil, ya dawo ya shiga sana'ar da aka yi da shi, ya zama babban Musulmin garin, sunan ma Sarki ne namu aka juya. 1919 ya rasu, kabarinsa na cikin gidan. Ni wannan ne ya fi ɗaure min kai, wanda ya ɗanɗana kuma ya ɗanɗana wa wasu.

Kwamanda_Okada: Ai har yanzu haka ne, wanda ya fi gallaza wa ɗan acaba a tasha tsohon ɗan acaba ne da aka ba shi tikiti

Abu_Sumayya: Malamai ba su yi shiru ba fa tun lokacin. Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa tun wajen 1615 ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu ma yana cikin abin da ya zargi sarakunan Haɓe da shi.

Talatu_IdiAraba: Ustaz to wanda ba Musulmi ba fa? Dangin kakata fa? Fatawar ba ta kai kansu ba ai

Abu_Sumayya: Tambaya ce mai nauyi 'yar'uwa, ba zan amsa ta a tsaye ba. Abin da na sani harin da ake kai wa mutanen da ke zaune lafiya ko masu amana don kawai a samu na sayarwa, babu malamin kirki da ya halatta shi.

Admin_Zango: Jama'a a ci gaba amma ban da ambaton gidan kowa ko zuri'ar kowa, na goge saƙo biyu yanzu. Wanda ya rubuta ya san kansa.

Hajiya_Kwatano: Komawa kan tambayar Abban Hanan, ni ina ganin ko allo ɗaya aka kafa a Kurmi aka rubuta a nan aka yi kaza, a yi musu addu'a, ya isa a fara. Ga Gidan Makama nan ma. Ba sai an kira sunan kowa ba. Ghana fa 2019 suka yi shekarar dawowa gida, baƙaƙen Amurka suka cika Elmina da Cape Coast, otal ya gagara. A Badagry ma yanzu ana bikin ƙofar dawowa. Mu kuma ko kallo.

Bakano_Obalende: Hajiya wa zai kafa allon? Wanda zai ba da izinin shi ne wanda kakansa ya fi kowa rinji.

Injiniya_Festac: Nan ma Legas ai ba a riƙe ba. Waɗanda suka dawo daga Burazil su suka gina unguwar Popo Aguda wajen Campos, masallacin Shitta-Bey na 1894 ma magininsa ɗan dawowa ne. Ilojo Bar da ke kusa da Tinubu, gini na tarihi da gwamnati ta sa a lissafinta, 2016 aka wayi gari an rushe shi. In gini ne kawai maganar to gini ba ya hana mantuwa.

DanKasuwa_AlabaRago: Ticha tsakani da Allah, waɗancan na Burazil ɗin akwai sauran masu jin Hausa?

Ticha_Ojo: Babu Alhaji, harshen ya ɓace tun tuni, na Yarbawa ne ya fi barin alama a waƙoƙin addininsu na gargajiya da abinci, har ƙosai suna yi a Bahiya da manja suna ce masa akaraje. Namu da yawa maza ne matasa aka kai, wasu aka kashe, wasu aka koro bayan 1835, sauran suka narke. Amma na ga ka fara tambaya, ba kai ka ce a bar shi a rufe ba?

DanKasuwa_AlabaRago: Tambaya kawai na yi Malam 😅

Abu_Hanan_Agege: Na gode jama'a. Bayan isha na zaunar da Hanan na ce jiya Abba ya yi kuskure, akwai Hausawa a jirgin, kuma akwai Hausawa a cikin masu kamowa da sayarwa. Ta ce to mu wanne ne a ciki? Na ce bari mu kira Hajiya a gida mu tambaya. Na sa a sifika. Tsohuwa ta yi shiru ta ce wa ya aike ka Badagry, me ka rasa a can? Na lallaɓa ta, can sai ta ce ita dai ta taso ta tarar da wani tsoho a gidan kakanta ana ce masa Baba Nasamu, yana da tsage irin wanda ba na garinmu ba, ɗakinsa na zaure, shi ke kai su makarantar allo yana goya ta in ta gaji, da ya rasu ba wanda ya zo gaisuwa daga danginsa don ba a san inda suke ba. Na ce Hajiya daga ina aka kawo shi? Ta ce ba a tambaya. Sai ta ce in ba Hanan wayar, suka koma hirar kitso.

Maman_Ilham: Allah ya jiƙan Baba Nasamu

Soja_mai_ritaya: Amin. In za a haɗa mota a je a sa sunana, amma tafiyar yashin nan minti nawa ce? Gwiwa ta ƙi.

Abu_Hanan_Agege: Baba mu da yara mun yi kamar minti 25 zuwa, akwai masu babur a tsibirin in an gaji. A tafi da ruwa da hula, kuma a gama ciniki da mai kwalekwale zuwa da dawowa kafin a hau, mu sai da muka tsallaka ya ce kuɗin zuwa kawai muka biya.

Hajiya_Kwatano: Ni da yarana biyu. Amma ban da ranar Juma'a.

Kwamanda_Okada: Ɗan kasuwa a sa maka kujera ɗaya ko?

DanKasuwa_AlabaRago: Nawa ne kuɗin motar tukun